Idan Beth ba ta mutu ba, labarin ne dai?

Maman Husna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni barci jiya, ina neman shawarar waɗanda suka san littafin Little Women na Louisa May Alcott.

Ina 'yar shekara 13 na karanta shi, ni da ƙanwata a kan katifa ɗaya, ina karantawa a fili, ita ta ɗora kai a cinyata. Mu huɗu ne mata a wurin mahaifiyarmu, kamar su Meg da Jo da Beth da Amy, don haka tun a shafukan farko muka raba sunayen. Na ɗauki Jo saboda zafin rai da son rubutu. Ita kuwa ba ta zaɓa ba, mu muka laƙaba mata Beth, don ita ce mai kunya, ita ce mai shiga tsakani idan faɗa ya kaure. Tana da shekara 19 Allah ya karɓi abinsa. Tun daga ranar ban ƙara buɗe littafin ba.

Yanzu Husna ta kai 11, kuma mayyar karatu ce. Na ga marubutan zamani sun yi ta sake ba da labarin nan, kuma an ce a wasu Beth tana warkewa. Zuciyata ta rabu biyu. Ina so in raba yarinyar da kukan da na yi, amma kuma gani nake idan an bar Beth da rai an zare wa labarin ƙashin baya. Wanne zan fara ba ta?

Malama Rabi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Maman Husna, akwai abin da zai sauƙaƙa miki. Littafin kashi biyu aka fitar da shi, na farko a 1868, na biyu a 1869. A kashi na farko Beth ta kamu da zazzaɓi mai fesowa da jan ƙuraje bayan ta je taimakon wasu matalauta da jaririnsu ba shi da lafiya, ta sha jinya, ta tashi. Sai a kashi na biyu ta rasu. A Ingila ma an daɗe ana sayar da na biyun da wani suna daban, Good Wives, shi ya sa za ki tarar da mutanen da suka girma suna rantsuwa cewa Beth ba ta mutu ba. Ki ba Husna kashi na farko bana, na biyun ya jira ta ƙara hankali.

Abban Sadik:

Allah ya gafarta mata. Ni ina bayan a canja. Ciwon da ya kama Beth a yau magani irin su fenisilin yana kashe shi. Duk wanda ya dawo da labarin zamaninmu dole ya sauya ciwon, in kuwa ya sauya ciwon yana da damar sauya ƙarshen. 'Yata ta karanta More to the Story na Hena Khan, wanda ya fito a 2019. 'Yan mata huɗu ne Musulmi 'yan asalin Pakistan a jihar Jojiya ta Amurka, uban ya tafi neman abinci wata ƙasa maimakon yaƙin da uban su Jo ya tafi a littafin asali, ƙanwar kuma ciwon daji ne ya kama ta. Yarinyata ta yi kuka sosai ko da ba a yi mutuwa ba. Tsoron rashin ma ya isa.

Yaya Talatu:

Ƙanwata, na karanta saƙonki sau biyu kafin na iya rubutu, don ni ma na binne 'yar'uwa.

Abban Sadik, ban ƙi taka ba, amma akwai abin da nake so a tuna. Alcott ba don ta sa mutane kuka ta ƙirƙiro mutuwar nan ba. Su ma su huɗu ne mata a gidansu, kuma ƙanwarta Elizabeth, wadda suke kira Lizzie, ta yi irin wannan zazzaɓin, jikinta bai ƙara komawa daidai ba har ta rasu a 1858 tana da shekara 22. Bayan shekara goma yayar ta zauna a gidansu na garin Konkod ta rubuta littafin. Wato mace ce ta rasa ƙanwa, ta nemi inda za ta ajiye ta. Idan marubucin yau ya ɗauki gidan da sunayen da faɗan 'yan'uwa, ya ajiye wannan, ni a ganina kwanon ya ɗauka ya bar tuwon.

Ba cewa nake kada a taɓa komai ba. Auren Jo ma ai Alcott ba da son ranta ta yi shi ba. Masu karatu suka dame ta da wasiƙu sai ta aurar da Jo ga Laurie, abokinta kuma maƙwabcinsu, ta ƙi, ta haɗa ta da wani farfesa Bajamushe da ya girme ta, ita kanta kuwa har ta koma ga Allah a 1888 ba ta yi aure ba. To wannan duk wanda ya ga dama ya warware shi, ba zan ce uffan ba. Uban su Jo ma marubuciya Geraldine Brooks ta ɗauke shi ta yi masa littafi sukutum, March, a 2005, ta bi shi har fagen yaƙin basasar Amurka, ta kuma ci kyautar Pulitzer da shi. Wannan ƙari ne, kuma na ji daɗinsa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne fim ɗin Greta Gerwig na 2019. Ta wargaza tsarin lokaci, ta jera jinya biyun kusa da juna. A ta farko Jo ta farka ta ga gado babu kowa, ta sauko da gudu, ta tarar da Beth zaune wurin cin abinci. A ta biyu ta farka, ta sauko matakalar nan dai, sai uwarsu kaɗai ta tarar. Duk wadda ta taɓa yin jinyar 'yar'uwa ta san saukowar nan. Sabuntawa ke nan da ta san inda ciwon yake, ta kuma taɓa shi da hannu mai taushi.

Sannan ki yi haƙuri da abin da zan tambaya. Husna ta san tana da wata inna da ta rasu? Ta san halinta, ko sunanta kawai ta sani?

Maman Husna:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Yaya Talatu, tambayarki ta kama ni. Sunan kawai ta sani, da hoto ɗaya da ke cikin akwatina. Ban taɓa ba ta labarin yadda take rera waƙa ƙasa-ƙasa idan tana wanke-wanke ba, ko ranar da autarmu ta yaga mini littafin da nake rubuce-rubuce a ciki, na yi kwana uku ba na yi mata magana, marigayiyar ce ta zauna da dare tana liƙa shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba littafin nake ɓoye wa yarinyar ba.

Abban Sadik, zan nemo na Hena Khan ta karanta da kanta. Na asalin kuwa tare za mu yi shi, babi ɗaya kowane dare, kashi na farko tukuna kamar yadda Malama Rabi ta ce. Ɗazu na ciro shi daga ƙasan akwati. A shafin farko akwai sunayenmu huɗu da rubutun hannunta, kowa da sunan da aka ba ta a gefe. Daga nan zan fara mata yau bayan sallar isha'i.