An fasa mini shago daren Alhamis: wa ya taɓa shiga irin wannan, kuma yaya ya ƙare da hukuma?

Mai Caji, bakin Kasuwar Dole

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daren Alhamis ɓarayi suka shiga shagona. Ko kwaɗon ƙofa ba su taɓa ba, kwano suka ɓanɓare ta baya suka diro kan kanta. Salula 11 da ke cikin gilas, da na mutane 6 da aka bari caji, da jika 85 da na manta a aljihun tebur, duk sun tafi. Da na buɗe bayan asuba na hango sama ta cikin rufi, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Kafin hantsi shagon ya cika da masu jaje. Wannan ya ɗaga gilas, wancan ya hau kanta yana leƙen ramin. Ni kuma kunya ta kama ni ganin wurin kaca-kaca, sai na sa yarona ya share. Sai wajen ƙarfe 11 na tafi komisariya. Jami'in da ya biyo ni, tambayarsa ta farko ita ce wa ya yi shara. Na ce ni na sa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, bai sake ta da maganar ba. Aka rubuta bayanina, na sa hannu, aka ce ƙara ce a kan wanda ba a sani ba, "kontur iks", in koma za a neme ni. Yau kwana huɗu ke nan.

Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda tasa ta kaya. Masu wayoyin caji sun fara zarya.

Tsohon Jandarma

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Ba zan yi maka faɗa ba, don abin da ka yi shi kowa ke yi. Amma shirun da jami'in nan ya yi maka na san shi, na yi irinsa ba adadi.

Ina sabon shiga aiki a wata birgadi can arewa, wajen Tanut, aka sace wa wani bawan Allah raƙuma biyu. Kafin mu isa, wani dattijon garin ya riga ya kife ƙwarya a kan sawu uku, ya zauna gefe da sandarsa, ya hana yara kusantar wurin. Da ya ɗaga ƙwaryar ya nuna mana: ga sawun raƙumin, ga na mai jansa, kuma takalminsa na hagu ya cinye ta dunduniya. Wannan sawun muka bi har inda ya kai mu. Dattijon nan bai taɓa zama a lakkol ba, amma abin da ya yi shi ne darasin farko da aka koya mana. Wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken ƴan sanda a birnin Liyon a 1910, shi ake danganta wa ƙa'idar: duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wani abu nasa, kuma sai ya fita da wani abu na wurin. Ɓarawonka ya dafa kwano, ya taka kanta mai ƙura, ya kama gilas. Gilas kuwa babu abin da ya fi shi riƙe zanen yatsa, saboda gumi da maiƙon fata suna kwantawa a kansa, a barbaɗa hoda a ɗauke da salatif. Amma in hannu talatin ya bi ta kai, wanne za a ɗauka?

Ka duba ko akwai abin da tsintsiya ba ta kai ba. Gefen kwanon da aka ɓanɓare musamman, don yakan yanki mutum. Idan ka ga ɗigon jini ko zaren riga, kada ka taɓa, kira wanda ke riƙe da fayil ɗinka.

Ɗan Kabu-kabu na Zango

Baba Jandarma, ranka ya daɗe, mu dai ba mu taɓa ganin an zo da hoda a unguwarmu ba, sai a telebijin. Ni lamba ce ta cece ni. Bara aka ɗauke mini moto a ƙofar masallaci ina sallar isha'i. Da na je shigar da ƙara, ba su tambaye ni launinta ba sai can ƙarshe, lambar shasi da ta inji suka fara nema, da kart giriz, wato takardar mallakar moto, da rasit. Allah ya sa suna cikin leda a akwatin tsohuwata. Wata biyar babu labari, har na haƙura na koma aikin wani. Rannan aka kira ni, an tare ta a hanyar Matamaye. An sake mata fenti, an canza tanki, ni kaina da na gan ta ban shaida ta ba. Sai da jami'i ya durƙusa ya goge wuyanta da tsumma ya karanto lambar, ni ina bi a takarda.

Mai Caji, kowace salula tana da irin wannan lamba, IMEI, lambobi 15. Tana jikin kwali, kuma in ka danna *#06# takan fito. Ina kwalayen wayoyinka?

Maman Biyu, Garin Malam

Ni ta ɗaya gefen na ga abin, kuma har yau in na tuna cikina juyawa yake. Ɗana na fari ya sayi waya hannun wani yaro a tasha, jika 20, wayar da sabuwarta ta haura jika 100. Babu kwali, babu rasit. Na ce masa wannan araha ta yi yawa, ya ce Mama ke dai ba ki san kasuwa ba. Wata biyu da sa layinsa a ciki, sai ga sammaci. Ya tafi da ƙafarsa da safe, har la'asar bai dawo ba.

Na je na tarar an karɓe masa bel da igiyar takalmi da abin da ke aljihunsa, an rubuta a littafi. Ina kuka ina cewa ɗana ba ɓarawo ba ne, jami'in ya ce Hajiya ba mu ce ya yi sata ba, laifin da ake bincike a kansa sayen kayan sata ne, resel, kuma shi ma laifi ne mai zaman kansa. Ni a sanina wanda ya biya kuɗinsa ya fita. Ashe in alamu suka nuna ka san kayan ba na halal ba ne, kuɗin da ka biya ba ya wanke ka, ƙarancinsa ma shi ake fara kafa hujja da shi.

Kwana biyu ina kai tuwo a kwanon silba, sai na ɗanɗana a gabansu kafin a shigar masa. Abin da ya taimake shi, bai goge saƙonnin WhatsApp da suka yi ciniki da yaron ba, kuma ya kai su inda yake zama. Furokira, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, ya sake shi, aka mayar wa mai waya wayarta, jika 20 kuwa ta bi ruwa. Saboda haka ɗan uwa kada ka fid da rai, wayoyinka suna hannun ɗan wata, kuma zai sa layi.

Ɗalibin Shari'a

Inna, wannan kwana biyun shi ne gardabi, tsarewar bincike. Awa 48 doka ta ba jami'in bincike, wanda ake kira OPJ, kuma ba ya ƙarawa da ikon kansa sai furokira ya amince da wasu 48. Daga nan ko a sake mutum ko a gabatar da shi. Shari'ar ta'addanci da ta miyagun ƙwayoyi suna da nasu wa'adin da ya fi haka. Wanda aka tsare yana da haƙƙin lauya, dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta 2014 ma cewa ta yi tun daga lokacin kamu. Matsalar ita ce yawancin lauyoyinmu suna Yamai. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don taimakon marasa hali ta fuskar shari'a, ku riƙa tambayar ofishinta a kotu.

Dokokinmu na laifi da na tsarin shari'arsa a 1961 aka fara kafa su, an sha yi musu gyara. Sun kasa laifi uku: ƙarami na tara, matsakaici, da babba. Sata tana iya hawa daga wannan mataki zuwa wancan gwargwadon yadda aka yi ta. Wanda ya zari waya a kan tebur da rana daban, wanda ya fasa rufi da dare, ko su da yawa, ko da makami, daban. Shi ya sa Mai Caji, ka tabbata an rubuta maganar kwanon nan a PV ɗinka, wato takardar da aka rubuta bayaninka.

Nawa abin da na gani: na raka kawuna ba da shaida kan wani rikicin gona da ya kai ga duka. Ya yi bayani da Hausa, aka rubuta da Faransanci, aka miƙo biro. Na roƙi a bar ni in karanta masa. Shi ya ce ya ji an ce wane ne ya fara duka, takarda ta ce ya ga wane ya fara duka. Ba mugunta ba ce, gaggawa ce da fassara, kuma aka gyara nan take. Amma da ya sa hannu, gaban alƙali da wannan kalma ɗaya za a riƙe shi.

Ɗan Kabu-kabu na Zango

To ba an ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa ba? A rubuta mana PV da ita mana mu huta.

Alhaji Mai Hatsi

Ku yara kuna ta lissafin awoyi. Ni abin da ya same ni ban taɓa jin irinsa ba. Buhunan gero suka riƙa ɓacewa a sitona, ɗaya yau, biyu gobe. Zuciya ta ɗebe ni na kai ƙara. Bincike ya tsaya a kan ɗan ƙanwata da nake ba makulli. Gida ya rikice, tsohuwarmu ta daina cin abinci, aka taru gaban mai unguwa aka sasanta, uban yaron ya ce zai biya. Na koma na ce na janye ƙarata, a ba ni ɗana mu tafi. Aka ce Alhaji, fayil ya riga ya wuce wajen furokira. Na bi shi can. Mutumin ya karɓe ni da mutunci, ya ce haƙƙina na gero ina da ikon yafewa, amma laifin sata ba ni kaɗai aka yi wa ba, an yi wa jama'a ne, kuma ci gaba da tuhuma ko barinta shawararsa ce, ba tawa ba.

Yaron ya yi ƴan makonni a gidan kaso kafin zama. A kotu na miƙe na ce na yafe, alƙali ya sa aka rubuta, aka yi masa ɗaurin sursi, wato ya koma gida amma in ya sake, tsohon hukuncin na jiransa. Ƙanwata shekara guda ba ta taka gidana ba. Ban ce kada a kai ƙara ba. Amma Mai Caji, kafin ka ambaci sunan kowa, ko yaron shagonka ne, ka auna, don ƙofar nan shigarta ta fi fitarta sauƙi.

Nas ta Dare

Alhaji ya yi gaskiya, ni kuma roƙona kada zargi ya kai ku ga duka. Wani dare aka kawo mana saurayi an farfasa masa kai, wai an kama shi yana haura katanga. Waɗanda suka kawo shi suna ta murna sun yi aikin lada. Jami'i ya zo da takardar neman likita ya duba shi, likita ya auna kowane rauni, tsawo da zurfi, ya rubuta kwanakin da ba zai iya aiki ba. Wannan adadin kwanaki yana cikin abin da ake dubawa wajen auna nauyin laifin duka. Washegari mutum biyu cikin masu murnar su ma suna zaune a benci ana ɗaukar bayaninsu.

Haka in an tsinci gawa. Mun saba gaggauta sutura, kuma addini ne ya koya mana. Sai dai mutuwar da ke da alamar tambaya, a bar likita da OPJ su fara gani kafin wanka. Sandarewar jiki da inda jini ya kwanta a fata suna nuna kimanin lokacin mutuwa da ko an juya gawar, kuma da zafin garin nan alamun ba sa jira. Na ga dangin da suka yi wanka suka binne da azahar, bayan sati suka dawo suna cewa ba su yarda da mutuwar ba. Likita ya ce me zan rubuta, ban gani ba.

Tsohon Jandarma

Ɗan Zango, hodar tana nan, akwai sashen ƴan sandan kimiyya, sai dai ba kowace sata ake kiransu ba, kuma ba a kiransu wurin da aka share. Mai Caji, ka koma da kanka, kada ka jira a neme ka. Ka san sunan mai fayil ɗinka da lambar PV. Masu wayoyin caji kuma ka ce kowa ya zo da kwalinsa ya ba da nasa bayanin, zai rage maka zarya, su ma sun zama masu ƙara. Da lambobin ne jami'i zai rubuta wa kamfanonin waya a hukumance su duba layin da aka sa.

Mai Caji, bakin Kasuwar Dole

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ina karanta maganar Ɗan Zango na kira yarona na ce ina kwalaye. Ashe ranar sharar ya tura su a buhu ya kai wa mai shayin bakin layi ya riƙa hura wuta. Da gudu na je. Huɗu sun riga sun dafa shayi, na samu bakwai, ɗaya gefensa ya babbake amma lambar tana karantuwa. Na kira wanda nake sarin kaya wajensa, ya ce zai duba ko sauran huɗun suna cikin littafinsa.

Baba Jandarma, na hau tsani na duba kwanon ban taɓa ba. Akwai wani ɗan ƙyalle shuɗi maƙale a bakin ƙusa. Na koma komisariya da safen nan da kwalayen da mutum uku cikin masu caji, aka ƙara lambobin a fayil, wannan karon kuma na sa aka karanta mini kafin in sa hannu. Jami'in ya ce zai zo gobe ya ga ƙyallen, don haka na ce wa mai walda ya dakata da gyaran rufi. Yau a shagon zan kwana, ƙarƙashin ramin.