Tuna ceton Ubangiji: shawarwarin zumuntar mata

A taron zumuntar mata na wata ikkilisiya a Sabon Tasha, Kaduna, an tattauna yadda mai bi zai riƙa tuna ceton da Ubangiji ya yi masa. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a rubuta. An kawo Joshuwa sura 4, inda aka ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar Kogin Urdun aka kafa a Gilgal, domin in 'ya'ya sun tambaya a ba su labari. Wata dattijuwa ta fito da tsohon littafin rubutu, bangonsa ya yage. A ciki akwai ranar da aka sallami ɗanta daga asibiti, da daren da maƙwabcinsu Musulmi ya ɓoye su a rikicin Kaduna na shekarar 2000. Ta ce, "'Ya'yana, ku faɗa wa yaranku, kada su ɗauka da wayonmu muka tsira."

An kuma ja kunne a kan ba da shaida, kuma a ganina nan aka fi taɓo gaskiya: a yi ta da tawali'u, domin wadda ta rasa nata a wannan rikicin tana zaune a benci ɗaya da ke.

An kuma taɓo batun bishewar Allah, wato yadda yake nuna wa mutum hanya, amma bai ɗauki lokaci ba. An karanta Karin Magana 3:5-6, aka ce a yi addu'a, a nemi shawarar fasto ko dattawa, kada a rataya aure ko ƙaura a kan mafarki kaɗai. Wata amarya ta tambaya, in an yi addu'a aka ji shiru fa? Aka bar wannan sai zama na gaba.