Neman kalma: me za mu kira "zombi" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Ku agaza mini da kalma. Daren jiya a teburin mai shayi a unguwar PZ da ke Zariya musu ya kaure tsakanin ƙanena da abokinsa, har indomin da aka zubo musu ta huce ba wanda ya taɓa. Wai in annobar zombi irin ta fina-finan Amurka ta ɓarke a Zariya, barikin soja zai tsira? Ƙanena ya ce shi Defo, barikin horar da kuratan soja, zai nufa a guje, abokin ya ce barikin Basawa. Mai shayin yana cikin sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, sai ya dakata ya ce, "Wai mene ne zombin?" Mu uku da bokonmu aka rasa mai amsawa da kalma ɗaya. Na ce fatalwa ce. Ya ce, "To fatalwa ana harbinta da bindiga ne?" Nan ya ƙure ni.

Ga abin da ake nufi: mutum ya mutu, gangar jikin ta miƙe, ba hankali ba magana, tana jan ƙafa tana neman naman mai rai. Wanda ta ciza, shi ma ya koma irinta. Me za mu ce masa?

Daga Tudun Wada:
Maye mana. Ba cin mutane yake yi ba?

Wata malama daga Samaru:
A'a ɗan'uwa, maye rayayye ne, yana zuwa kasuwa, yana gaisawa da kai, kuma kurwa yake kamawa, ba tsoka yake yaga ba. Fatalwa kuwa siffa ce ba jiki, wannan jiki ne ba kurwa, ka ga sun yi hannun riga. Dodo ma bai yi ba, don dodo bai taɓa zama maƙwabcinka ba. Ita kalmar "zombi" daga Haiti ta bazu, inda ake cewa boka na tayar da mamaci ya sa shi bauta a gona. Mai cin naman mutane fina-finan Amurka ne suka ƙirƙiro shi a 1968. Ni dai in aka ƙi aron "zombi", sai in ce gawa mai tafiya.

Daga Kwangila:
Aron ma akwai haɗari, Malama. Tun waƙar "Zombie" da mawaƙi Fela ya yi a shekarun 1970, "zombi" a ƙasar nan zagin soja ne, wai mai bin umarni ido rufe. Je ki ƙofar bariki ki ɗaga murya ki ce "ga zombi nan", ki ga wanda zai fara tsallen kwaɗo.

Wani tsohon soja daga Sabon Gari:
Yaran nan kun ba ni dariya. Amma bari in gaya muku, wanda ya ce bariki katanga ce da bindiga bai taɓa kwana a ciki ba. Defo tun 1924 take horar da kurata a garin nan, makarantar yara ta soja tana nan tun 1954, ga Basawa, ga Jaji a hanyar Kaduna. Maza da makamai ba a rasa ba. Sai dai kowane bariki gari ne sukutum: mata, yara, makaranta, masallaci, coci, kasuwar mami. Kullum da safe masu kayan miya da masu gawayi suna shiga, yara suna fita. Abinci daga kasuwa yake zuwa, man janareta a tanka ake kawo shi. Ka rufe ƙofa kwana goma ka gani, harsashi na nan jibge, tukunya ce za ta fara kuka.

Kuma ba ta katanga abin zai shigo ba. Kofur ne zai dawo daga sintiri da cizo a dantse, ya ja hannun riga ya rufe, don ya san abin da za a yi masa in ya faɗa. Na gadin kuwa tare suka sha taɓon Defo, kwano ɗaya suka ci. Zai hana shi shiga? Shi ya sa ban yarda da "gawa mai tafiya" ba. Bahaushe in ya ji gawa, hula yake gyarawa, ya nemi ruwan wanka da likkafani, ya tara mutane a yi sallah. Ba ka ce wa yaro ɗan shekara ashirin ya harbi gawa ya harba ba. Ga shi kalmar ta yi tsawo. Kafin mai gadi ya gama faɗinta an cinye shi.

Malamar Samaru:
Baba, ka yi gaskiya, na janye. Ebola ma ta wajen jinya da wankan gawa ta fi cin mutane a Gini da Laberiya da Saliyo. Da ta shigo Legas a Yulin 2014, bin sawun waɗanda suka taɓa majinyaci da killace su ne ya tsayar da ita, mutum 8 suka rasu, zuwa Oktoba aka ce ta ƙare. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Daga Tudun Wada:
To mushe fa? Ba wanda ke yi wa mushe sallah. Mushen gizaka, ka mutu kana ba da tsoro.

Daga cikin Birni:
Haba Malam, ɗan Adam ne fa, ko da a tatsuniya. Mushe na dabba ne. Kuma kada wani ya kawo mana "tashin gawa", tashi ɗaya muka sani, na ranar ƙiyama. Ni in abin ya zo ma ba ruwana da bariki, a gyara mana ganuwa a rufe Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, in ta ƙi mu hau dutsen Kufena.

Tsohon sojan:
Ka hau Kufena ka sha me?

Daga Kwangila:
Ku tsaya. Kakata in ta ga tsohon da ciwo ya kayar sau uku yana miƙewa, cewa take "gawa ta ƙi rami". Me zai hana mu gutsuro daga nan? Ƙi-rami. Ginin Hausa ne tsaf, kamar ƙi-gudu da ƙi-faɗi. Ɗan ƙi-rami, 'yar ƙi-rami, 'yan ƙi-rami, annobar ƙi-rami. Ya nuna an mutu, ya nuna ba a kwanta ba, kuma ba a ambaci gawa ba balle tausayi ya tashi.

Malamar Samaru:
Bai ɗauko cizon da yaɗuwar ba, amma "annoba" za ta riƙe wannan ɓangaren. Na sa hannu.

Tsohon sojan:
Na gwada da ƙarfi a tsakar gida, "'Yan ƙi-rami a ƙofa!" Hajiya ta leƙo ta taga tana salati. Kalmar ta yi.

Na gode jama'a, ƙi-rami na ɗauka. Ɗazu na koma PZ na faɗa wa mai shayin. Ya juya ƙwai a kasko, ya maimaita sau biyu, sannan ya nuna bencin baya da cokali, inda wasu 'yan acaɓa biyu ke gyangyaɗi rungume da kofi. Ya ce irin waɗannan kullum ƙarfe biyun dare suna zuwa masa, kuma bashi suke ci.