Musayar waƙa: buhun dawa da kayan makaranta

'Yar Zumunta, Marwa, arewacin Kamaru:
Salama gare ku 'yan'uwa. Makon nan zumuntar mata ta cocinmu ta raba abinci da kayan makaranta ga gidajen da ke cikin ƙunci, yawancinsu waɗanda suka gudo daga bakin iyaka. Mai amsawa ya amsa da waƙa.

Agusta ta zo, rumbu ya yi fayau,
Dawar gona ba ta isa yanka ba.
Satumba na tsaye a bakin ƙofa,
Kuɗin littafi uba bai tara ba.
Muka zuba baiko, kwano bisa kwano,
Mai kawo ɗaya ma ba mu raina ba.
Dawa da gyaɗa, gishiri da sabulu,
Allo da alli, bik ma ba mu manta ba.

Malam na Kusuri:
Sannu da aiki Mama, Allah ya saka,
Amma ga tambaya daga bakin maƙwabci:
In ɗan Musulmi ya miƙo hannu,
Sai ya shiga coci kafin ya ci abinci?
Na yi ta ne don mutanen unguwa,
Suna da buƙata, suna gudun wulaƙanci.

'Yar Zumunta:
Malam, ka kyauta da ka yi ta a fili,
Ba mu tambayi kowa ina yake sujada ba.
Jauro, mai unguwa, ne ya nuna mana gidajen,
Shi kuwa bai taɓa fashin Juma'a ba.
Masu jin nauyi, da dare muka kai musu,
Kuma ba mu ɗauki hoton mai karɓa ba.

Kawu na Yagwa:
Mu nan mun san darajar littafi sabo,
A 2024 muka sha ambaliyar ruwa.
Kogin Logon ya tumbatsa, ya ci shinkafa,
Ya shiga azuzuwa ya kori kowa.
Wanda ya kawo wa jikata jaka a lokacin,
Har gobe addu'ata ba ta yankewa.

Malamar Mokolo:
Mama, na gode, amma ku saurare ni,
Ni ke tsaye gaban allo a aji shida.
Tun 2000 aka ce firamare kyauta,
Kuɗin ƙungiyar iyaye na bin mu gida-gida.
Wannan da sauƙi, ga mai hana ni barci:
Yaro ya kai CEP, jarrabawar gama firamare, ba shi da takarda.
Takardar haihuwa ita ake nema,
An haife shi a ƙauye, ba mai rubuta shaida.
Wani kuwa an ƙone garinsu da dare,
Sun tsira da rai, komai ya ƙone a gida.
Wadda ta fi kowa lissafi a ajina,
Bara ta zauna, sa'o'inta suka haye gada.
Sai an je kotu a nemo hukunci,
Kuɗin mota da kan sarki sun fi ƙarfin mai tallar gyaɗa.

Ina roƙo a ware wani abu cikin baikon don wannan, tun kafin a rufe rajistar jarrabawa.

Dattijo na Tokombere:
'Yata, kin taɓo abin da ke raina.
Baba Simon, limamin Katolika, ya hau duwatsun nan ba takalmi,
Yana lallashin iyaye su ba da yara,
Don ya ga dutse ma yana son ilimi.
Ya rasu a 1975, mu da muka gan shi
Ba ma barin yaro ya ajiye alƙalami.

Na ɗauki nauyin takardar yarinyar nan.

Malam na Kusuri:
Baba, in haka ne ba a bar mu baya ba,
Juma'ar nan zan sanar a masallaci.

'Yar Zumunta:
Malama, ki ƙirgo mana yaran ajinki,
Duk wanda takardarsa ba ta fito ba.
Lahadi zan kai wa dattawan ikkilisiya,
Ba zan tashi ba in ba su amsa ba.