Karen da aka yasar a kango: jinƙai ne ko kwaikwayon Nasara?

Ɗan Birni: Jama'a ku raba ni da ƙanena. Ya tarar da kare ɗaure da waya a wani kango, masu shi sun tashi sun bar shi. Ya kwance shi, ya kira likitan dabbobi, jaka 8 ta tafi. Ni na ce kwaikwayon Nasara ne, su ke da gidajen ajiye karnuka har a nema musu sabon ubangida. A Damagaram almajiri na yawo da kwano wayam, kai kana saya wa kare magani?

Auta: Yaya, da ka ga wuyan da ba ka faɗi haka ba. Wayar ta nutse cikin nama har tsutsa ta shiga, kunnuwa cike da kaska. Da na ajiye masa ruwa a gwangwani, tashi ya gagare shi, da ciki ya jawo. Kuɗin kuwa na kabu-kabuna ne.

Hajiya ta Zango: Ɗana, tausayi na da kyau, amma ni kare ba ya kwana gidana. Najasa ne, mala'iku ma ba sa shiga.

Malam na Garin Malam: Hajiya, a yi hattara. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 in ya sa baki, bin umarni ne. Kai kuma Ɗan Birni, wane Nasara? Bukhari da Muslim sun ruwaito mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Kwance shi da jinyarsa ba abin musu ba ne. Inda maganar Hajiya ke da ƙarfi shi ne ajiyewa. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce ba a ajiye kare a gida, sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci.

Ɗan Birni: To kun ji. Gidanmu ba gona ba garke.

Mai Shago: Allah gafarta Malam, ba mai Risalar ne aka ce katangarsa ta faɗi ya ajiye kare ba? Da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Da satar baburan nan, ni ban ga laifin karen gadi ba.

Malam na Garin Malam: Masu sharhi sun kawo labarin, kuma akwai malaman da suka halatta na gadi. Amma gadi, ba a ɗora shi kan tabarma ba.

Ma'aikacin Kiwo: Kuna ta fiƙihu kun bar abin da ke kisa. Auta, ya cije ka ko ya yakushe ka lokacin kwancewa? Ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a duniya kowace shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 15 sun kai kashi 40 cikin 100. Da zarar alamu sun bayyana, sai dai addu'a. In ya taɓa ka, wanki da ruwa da sabulu minti 15, sannan asibiti a ranar, ba toka ba, ba barkono ba. Karen a killace shi nesa da yara, likita ya ci gaba da duba shi, a yi masa rigakafi kafin ya koma hannun kowa.

Auta: Bai cije ni ba, da buhu na rufe masa kai. Yana ɗakin kaji na da, a kulle. Kuma ban ce zan riƙe shi ba. Kawu na Mirya ya ce yana so, awaki da ɓarayi sun dame shi a garka.

Hajiya ta Zango: In garka ce, ba ni da ta cewa. Sai dai a gaya wa kawun naka kada ya maimaita ɗaurin waya. Wasu gadi suke so, ciyarwa ce ba sa so.

Ɗan Birni: Ni dai har yanzu jaka 8 ɗin ke mini ciwo. Buhun gero nawa ake ciki?

Mai Shago: Kai da ka ƙone fiye da haka a shayin fada watan jiya?

Ɗan Birni: Shayi mutane suka sha. Kuma wa zai kai shi Mirya? Kar a kalli motata.

Auta: Yaya, Kawu ya ce kai zai kira.