Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta: sulhu ne ko fin ƙarfi?

Mai Alli: Jama'a, ku raba mini gardama. Wasu na jefa wannan karin magana in an yi sulhu, wasu kuwa sai in babba ya tsawatar kowa ya yi tsit. Ni dai sulhu na gani, domin a cikin tukunya babu wanda ke fita da ransa. Tsamin yakuwa, tsamiya ko lemun tsami asid ne. Kanwa kuwa alkali ce, wato sinadarin da ke kishiyar asid, galibinta sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet. In sun gamu dukkansu suna ƙarewa, a sami gishiri da ruwa da iskar kabon dayoksaid. Kumfar nan da ke tasowa a miya iskar ce ke neman hanya.

Uwar Tukunya: A'a Malam. Da sulhu ake nufi, da an ce sun kashe juna. Kanwa aka ba nasara, don haka maganar ta dace da inda hujja ɗaya ta rufe bakin kowa. Amma ita ma ba a sake mata fuska. Ana jiƙa kamar girman ƙwayar gyaɗa a rabin kofin ruwa, a bari yashi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Sai a riƙa zubawa cokali ɗaya ɗaya, a jira kumfa ta lafa, a ɗanɗana kafin a ƙara. Wadda ta antaya gaba ɗaya, miya za ta yi bori ta zube, abin da ya saura ya yi duhu da ɗanɗanon sabulu. Gyaransa ɗan ruwan tsamiya.

Mai Alli: Hajiya, ai kin ba ni hujja da bakinki. In ruwan tsamiya na gyara miyar da kanwa ta ɓata, to tsami ma yana kar kanwa. Magana ce ta yawa. A ma'aunin pH, wanda ke auna ƙarfin asid da alkali, ruwa zalla 7 ne, ruwan lemun tsami wajen 2, baikabonet kusan 8, kabonet kuwa ya kan kai 11. Kowane mataki ɗaya ninki 10 ne, shi ya sa ɗan ƙari kaɗan ke tsallakar da miya zuwa ɗaya ɓangaren. Mai son gani da ido ya jiƙa zoɓo a kofin gilashi: ja ne saboda tsaminsa, a ɗiga ruwan kanwa ya koma shuɗi-shuɗi zuwa kore mai duhu, a matsa lemun tsami jan ya dawo.

Ɗan Manga: Kada dai a ɗauki awon Hajiya a matsayin doka. Kanwar da ake kankarowa a tafkunan ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi ba ƙarfinta ɗaya ba, wata gishiri da ƙasa sun fi yawa a cikinta. Kuma daban take da ruwan toka, wanda ƙarfinsa na fotasiyam kabonet ne, shi ake dafawa da mai a yi sabulun salo. Game da ma'ana, ina bayan Hajiya. Dattawa na faɗin ta ne in shaida ya bayyana, mai musu ya rasa ta cewa.

Inna Mai Jinya: Duk kun tsaya a rabin farko na karin maganar. Rabi na biyu ba a tukunya yake ba, a cikin mutum yake. Tumbi na fitar da asid ɗin haidurokulorik, in ya hauro maƙoshi a ji ƙirji na zafi. Jiƙon kanwa na kwantar da shi nan take, gaskiya ne. Sai dai giram 84 na baikabonet na sakin iska kusan lita 24, wato giram 1 kaɗai ya haura kwatan lita, ga kumburin ciki da gyatsa. Kuma tumbi bai daina aikinsa ba, bayan ɗan lokaci zafin ya dawo. Ga sodiyam da ke cutar mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Don haka in kun ji an ce ƙwarnafi ya kwanta, kwanciya ce kawai, ni da lafawar rigima nake fassara ta, ba mutuwarta ba.

Mai Cajin Batir: Inna ta kawo ta uku ke nan. Ni roƙona kada a kai karin maganar nan jikin mutum. Ruwan batir asid ɗin salfurik ne. In ya zube a ƙasa, a barbaɗa kanwa ko bekin soda har kumfa ta daina, sannan a kwashe. In a fata ne ko ido, ruwa kawai, mai yawa, yana kwarara aƙalla minti 20, a cire tufar da ta jiƙe, a nufi asibiti. Haɗuwar asid da alkali zafi take fitarwa, sai a ƙara wa ƙuna ƙuna.

Uwar Tukunya: To Malam Mai Alli, in kanwa mai sulhu ce kamar yadda ka dage, me ya sa ake kiran mai haddasa fitina kanwa uwar gami?