Me ya sa magana ɗaya take yin nauyi a bakin wani, ta zama iska a bakin wani?

Tsintsiya44:
Assalamu alaikum. A wajen taro ƙaramin ma'aikaci zai kawo shawara a yi kamar ba a ji ba, bayan minti goma shugaba ya maimaita ta kusan kalma da kalma, kowa ya hau gyaɗa kai. Wannan fadanci ne kawai, ko akwai wani abu a yadda ƙwaƙwalwa take aiki? Kuma wanda ba shi da suna, ta yaya zai sa a saurare shi?

Malam_Nazari:
Wa alaikumus salam. Fadanci yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne, don abin yana faruwa ko inda babu wanda za a yi wa fadancin. A 1951 Carl Hovland da Walter Weiss na Jami'ar Yale a Amurka sun ba ɗalibai rubutu iri ɗaya, suka sauya sunan marubucin kawai. Ɗaya daga cikin batutuwan shi ne ko za a iya ƙera jirgin ƙarƙashin teku mai aiki da nukiliya a wancan lokacin. Wasu aka ce musu masanin kimiyya Robert Oppenheimer ne ya rubuta, wasu aka ce jaridar Pravda ta Tarayyar Sobiyat ce. Rukunin farko ya fi sauya ra'ayi nesa ba kusa ba.

Abin lura shi ne bayan mako huɗu. Da aka sake tambayarsu, tazarar ta kusan ɓacewa: yardar waɗanda suka ji daga amintacce ta ragu, ta ɗaya rukunin ta ɗan ƙaru. Mutum yana saurin raba magana da mai ita a ransa. Maganar ta zauna, sunan ya dushe. A 1953 Herbert Kelman da Hovland suka nuna cewa da an tuna wa mutane wanda ya faɗa, tazarar sai ta dawo.

Mai sauraro abu biyu yake aunawa, kuma dabam suke: ko mutumin ya san abin, da ko zai faɗi gaskiyar abin da ya sani. Dillali ya fi kowa sanin motar da yake sayarwa, amma wa zai dogara da yabonsa?

Uwar_Ɗalibai:
Malam, in ƙara a kan naka. Ba nauyin maganar kaɗai ke sauyawa ba, har ma'anarta. Akwai maganar Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, cewa ɗan tawaye jefi-jefi abu ne mai amfani. Irving Lorge a 1936 ya ga Amurkawa suna yarda da ita idan an ce ta Jefferson ce, suna ƙi idan an ce ta Lenin ce, jagoran juyin juya halin kwaminisanci na Rasha. Solomon Asch ya zo a 1948 ya nuna ba makanta ba ce: a bakin Jefferson sun fahimci tawaye a matsayin ƙorafi da neman gyara, a bakin Lenin kuma juyin juya hali da zubar da jini. Magana biyu suka ji, ba ɗaya ba.

Su ma masana ba su tsira ba. A 1982 Douglas Peters da Stephen Ceci sun ɗauki maƙalu 12 da mujallun ilimin halayyar ɗan Adam suka riga suka buga, suka cire sunayen manyan jami'o'i suka sa na bogi, suka mayar wa mujallun nan dai. Uku aka gane. Cikin tara da suka rage, takwas aka ƙi.

Alƙalami_Ja:
Ni dai kada mu mai da duba mai magana laifi. Wanda ba zai iya gwada magani da kansa ba dole ya auna likitan. Malaman hadisi ma sun gina ilimi sukutum a kan haka, suna duba adalcin mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa daban-daban, wato abu biyun da Malam ya ambata. Inda ake ɓata shi ne aron daraja: gwani a fanni guda a ɗauki maganarsa a fannin da bai taɓa karanta ba, ko a ɗauki tsadar sutura da kaifin baki a matsayin sani. Tambayar ita ce ko za ka iya bincika maganar da kanka. Idan lissafi ne da za ka iya bi, sunan mai shi bai kamata ya ƙara ko ya rage komai ba.

Malam_Nazari:
Haka ne. Ɗan'uwa Tsintsiya, ga ɓangare na biyu na tambayarka. Richard Petty da John Cacioppo da Rachel Goldman a 1981 sun gaya wa ɗalibai za a ƙaƙaba sabuwar jarrabawar kammalawa, wasu aka ce baɗi, wasu aka ce sai bayan shekara goma. Waɗanda abin bai shafa ba suka bi darajar wanda ya kawo shawarar. Waɗanda zai faɗa a kansu suka bi ƙarfin hujja. Don haka fara da abin da shawararka za ta jawo wa shi mai sauraron, riba ko asara, kafin ka shiga bayani. Sa ta a rubuce da kwanan wata kafin taro, da alƙaluma biyu ko uku da kowa zai iya dubawa cikin minti biyar, ba shafi goma ba. Faɗi raunin shawarar da bakinka, kuma idan kana da wata moriya a ciki ka ambace ta tun farko. Idan wani ne ya tono ta, hujjar da amanar duk sun tafi tare. In kuma kai ne mai jan taron, tattara shawarwari a takarda babu suna, a tace su, sannan a bayyana masu su.

Tsintsiya44:
Na gode. To idan ofis ƙarami ne, mutum shida, kowa ya san salon rubutun kowa fa?

Uwar_Ɗalibai:
Sai mutum ɗaya ya sake buga su duka da kalmominsa, tsawonsu ɗaya, layi uku-uku, kuma shugaba ya zama na ƙarshe da zai faɗi ra'ayinsa.